Na'urori biyu a jadawalin fassara ɗaya: yaushe ya dace a haɗa su a IOMMU?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina rubuta direba a Linux don wani katin ɗaukar bidiyo da ke kan PCIe. Hoton da ya ɗauko wani katin ne na biyu ke karɓa ya matse shi. Dukkansu IOMMU ɗaya ke fassara musu adireshi. Ina so in sa su a jadawali ɗaya, in shigar da bafa (wurin ajiye hoton a memori) sau ɗaya, adireshi guda ya yi wa kowannensu aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a injin gwajina sun faɗo rukuni ɗaya ba tare da na taɓa komai ba, a wani injin kuma kowa rukuninsa daban. Haɗa sun daidai ne?"

Malam, haɗawar za ta yiwu, kanel ɗin ma, wato zuciyar Linux, ya tanadi hanyarta. Amma ga aikin da ka bayyana ba zan ba ka wannan shawara ba, kuma ina so ka ga dalili da idonka maimakon ka karɓi maganata haka nan. Abin da ya rikita ka shi ne kalmar tarayya a nan tana ɗauke da abubuwa da yawa da ba iri ɗaya ba. Akwai tarayyar da wayoyin injin suka tilasta, akwai wadda mai rubuta manhaja ya zaɓa da kansa. Ka gamu da ta farko a injin gwajinka, sai ka ɗauka izini ce ta yin ta biyun.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a lokacin da katinka ya ce zai rubuta hoto a memori. Ba ta CPU yake bi ba, kai tsaye yake tura saƙonsa, abin da ake kira DMA. Kowane irin wannan saƙo a PCIe yana ɗauke da lambar mai aikowa, bit 16 ce: 8 na bas, 5 na na'ura, 3 na sashen aiki. Ita ce kake gani a umarnin lspci, mai jera na'urorin PCI, kamar 03:00.0. Da saƙon ya iso IOMMU, wato na'urar da ke tsakanin katuna da memori tana fassara adireshinsu, wannan lambar ce kaɗai shaidar da yake da ita game da wanda ke magana. A injunan Intel, inda ake kiran abin VT-d, lambar bas ce ke zaɓar gurbi a jadawalin tushe mai gurabu 256, sauran bit 8 ɗin kuma su zaɓi gurbi a jadawali na biyu, shi ma 256. A cikin wannan gurbi na biyu aka rubuta abubuwa biyu da suka shafe mu: inda jadawalin shafukan wannan na'ura ya fara, da lambar domen ɗinta, wato lambar da ke shaida fagen adireshin da take ciki. AMD jadawali ɗaya dogo yake amfani da shi wanda lambar ke shiga kai tsaye. A ARM kuwa sunan lambar StreamID, na'urar fassarar kuma SMMU. Sunaye sun bambanta, aikin ɗaya ne.

Daga nan sai fassarar kanta. Adireshin da katin ya faɗa adireshin aro ne, ba inda bayanin yake a ainihin RAM ba. In bit 48 ne, ana yanka shi gida biyar: 9, 9, 9, 9, da 12. Kowane 9 yana zaɓar gurbi ɗaya cikin 512 a mataki ɗaya na jadawalin, 12 na ƙarshe kuma su nuna wuri a cikin shafi mai bayit 4096. Karatu huɗu ke nan daga memori kafin a rubuta bayit ɗaya na hotonka. Ba injin da zai jure wannan a kowane saƙo, shi ya sa IOMMU ke da 'yar ma'ajiyarsa ta kusa, IOTLB, inda yake riƙe fassarorin da ya yi kwanan nan. Ka riƙe wannan ma'ajiya a ranka, domin rabin wahalar haɗa na'urori daga gare ta take fitowa.

To, katunanka biyu sun riga sun yi tarayya a na'urar fassarar kanta, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. IOMMU ɗaya yakan yi wa na'urori da dama aiki, kowacce da gurbinta da jadawalinta, ba wadda ke ganin na wata. Iyakar abin da suke rububi a kai shi ne gurabun IOTLB da layin umarni.

Rukuni kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne tambayarka ta biyu take. Rukunin IOMMU shi ne mafi ƙanƙantar tarin na'urori da kanel zai iya rantsuwa cewa an keɓe su daga sauran injin. Ya shigo Linux a siga ta 3.6, a 2012, tare da VFIO, tsarin miƙa na'ura kai tsaye ga wani shiri, aikin Alex Williamson. Ba ra'ayin kowa ba ne, bayani ne kan yadda aka shimfiɗa wayoyi. Abubuwa biyu ne suka fi jefa na'urori rukuni ɗaya.

Na farko, IOMMU ya kasa bambance su. Tsohuwar PCI ba ta ɗauke da lambar mai aikowa yadda PCIe take yi, don haka gadar da ke haɗa PCIe da PCI ita ke liƙa lamba a madadin duk wanda ke bayanta. Kati uku a bayan gada ɗaya, IOMMU murya ɗaya yake ji. Ba yadda za a yi a ba su jadawali daban-daban tunda gurbi ɗaya suke faɗawa.

Na biyu, kuma shi nake zaton ya same ka: na'urorin za su iya yi wa juna magana ba tare da sun bi ta IOMMU ba sam. A PCIe, suwic ko tashar tushe na iya duba adireshin da ke kan saƙo, ta ga ya dace da tagar rijistocin maƙwabci, ta karkatar da shi can nan take ba tare da ta tura shi sama ba. Abin da ke hana wannan shi ne ACS, wani iko da ke tilasta wa kowane saƙo ya hau sama a tantance shi tukuna. Linux yana neman abubuwa huɗu daga ACS a duk tsawon hanyar daga na'ura zuwa tushe: tantance mai aikowa, karkatar da buƙata zuwa sama, karkatar da amsa zuwa sama, da miƙa saƙo gaba zuwa sama. In tasha ɗaya a hanyar ba ta da su, duk abin da ke ƙarƙashinta ya zama rukuni ɗaya. Haka ma kati mai sassan aiki da yawa, irin katin hoto da sashen sautinsa, 01:00.0 da 01:00.1: in bai nuna ACS ba, kanel zai ɗauka suna iya zancen cikin gida, sai ya haɗa su. Akwai jerin keɓantattun na'urori a cikin kanel waɗanda masu ƙera su suka tabbatar ba sa wannan zance duk da ba su da ACS, waɗannan ana raba su.

Saboda haka bambancin injunanka biyu ba daga katunan yake ba, daga ramukan da ka soka su ne. Ka duba /sys/kernel/iommu_groups/ a kowane injin, sannan ka gudanar da lspci -t ka ga bishiyar, sai lspci -vv a kan tashoshin da ke sama da katunan ka nemi layin ACSCtl. A nan za ka ga amsar a rubuce.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tunda rukuni ne ake liƙa wa domen, ba na'ura ɗaya ba, katunanka biyu a injin gwaji sun riga suna cikin domen ɗaya na asali. Ma'ana in direban katin farko ya kira dma_map_single ya samu adireshi, ka miƙa wa kati na biyu wannan adireshin, zai yi aiki. Zai yi aiki lafiya lau, ka yi murna, ka tura direban. Ranar da wani ya soka katin a wani ramin mai ACS, rukunin ya rabu, adireshin ya zama ba shi da ma'ana a wurin kati na biyu. In an yi sa'a a ga saƙon kuskure. In ba a yi sa'a ba, wannan lambar ta dace da wata bafa ta daban a domen ɗinsa, ya rubuta a kanta shiru. Dokar hanyar DMA ta Linux a fili take: adireshin da ka samu na na'urar da ka ambata a kiran ne kaɗai. Duk direban da ya dogara da cewa rukuni ya haɗa shi da wani, ya yi gini a kan abin da ba a yi masa alkawari ba.

Sai tarayyar zaɓi, wato domen. Domen jadawalin shafuka ne guda da fagen adireshinsa. In ka ƙirƙiri domen ka liƙa masa rukuni biyu da iommu_attach_group, abin da ke faruwa a ƙasa mai sauƙi ne: gurabun na'urorin biyu za su nuna jadawali ɗaya, kuma in a IOMMU ɗaya suke, su ɗauki lambar domen ɗaya. Da yake IOTLB da lambar domen yake yi wa fassarori alama, fassarar da kati ɗaya ya jawo, ɗayan zai same ta a shirye. Wannan riba ce ta gaske, ba na musun ta.

Inda ribar ta fi fitowa shi ne injin kwaikwayo, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a matsayin baƙo a cikin ta gaske. A ce kana da baƙon tsarin aiki mai memori gigabayit 64, ka miƙa masa na'urori takwas kai tsaye. Kowace na'ura dole ta ga memorin baƙon gaba ɗaya yadda baƙon ke ganinsa. Da shafuka masu kilobayit 4, shafi 16,777,216 ke nan, kowane gurbi bayit 8, jimilla megabayit 128 a matakin ƙarshe na jadawalin kaɗai. In kowace na'ura da nata jadawalin, gigabayit ɗaya ya tafi a maimaita abu ɗaya sau takwas, kuma duk canjin da aka yi sai an yi shi sau takwas. A nan haɗa su ne hankali, domin dama dukkansu na mutum ɗaya ne, baƙon, kuma ba wani sirri tsakaninsu. Haka VFIO ke yi: in ka ƙara rukuni a kwantena, wato tarin rukunan da ke ganin memori iri ɗaya, yana fara gwada liƙa shi a domen da ke akwai, sai in abin bai dace ba ya buɗe sabo ya kwafe masa duk abin da aka shigar. Sabon tsarin iommufd, wanda ya shigo a Linux 6.2 a 2023 ƙarƙashin jagorancin Jason Gunthorpe, ya fito da wannan fili sosai: fagen adireshi abu ɗaya ne, jadawalin da na'ura ke karantawa wani abu ne, kuma fage ɗaya na iya samun jadawali fiye da ɗaya a ƙarƙashinsa. (Da manyan shafuka masu megabayit 2, wancan 128 ɗin yana komawa kilobayit 256. Shi ya sa duk wanda ke miƙa na'ura ga baƙo ya kamata ya fara tunanin manyan shafuka kafin komai.)

Wani wurin da ake haɗawa don dole shi ne ƙananan guntaye na wayoyi da allunan da ake dasawa cikin kaya. SMMU na ARM siga ta biyu ba ya ajiye bayanin kowace na'ura a memori, yana da ƙididdigaggun bankunan rijista ne a jikinsa, iyakarsu 128 a ƙa'ida, kuma guntaye da yawa ba su kai kusa da haka ba. Kowane domen banki ɗaya yake ci. In na'urori sun fi bankuna yawa, ba makawa wasu su zauna tare. Siga ta uku ta mayar da wannan bayani cikin jadawali a memori, matsin ya ragu ƙwarai. Haka nan sashen nuni da ya ƙunshi 'yan na'urori uku ko huɗu da direba ɗaya ke tuƙa su a matsayin abu guda, haɗa su a domen ɗaya daidai ne, domin a ido su da yawa ne amma a aiki ɗaya suke.

Ka lura da abin da misalan nan suka haɗu a kai: mai na'urorin ɗaya ne, kuma in ɗaya ta ɓata wa ɗaya ba a keta iyakar kowa ba. Katunanka ba haka suke ba. Direba biyu ne, wataƙila kamfani biyu, firmwaya biyu, wato manhajar da ke jikin kowane kati, da ba ka ga cikinsu ba.

Na taɓa yin irin abin da kake shirin yi, a wani aiki da ya haɗa na'urar karɓar bayanai da wata mai sarrafa su. Na haɗa su domen ɗaya don in rage kiran shigarwa da cirewa, kuma gwaji ya nuna an samu sauƙi. Bayan wasu makonni sai aka fara kawo ƙorafi: lokaci-lokaci, ba kullum ba, bayit kaɗan a tsakiyar sakamakon suna canzawa. Ba saƙon kuskure ko ɗaya a dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa. Na zargi direbana, na zargi makullai, na zargi RAM ɗin har na canza shi. Kusan mako biyu ina wannan. Daga ƙarshe, don kawai in rage abubuwan da nake zargi, na mayar da kowace na'ura domen ɗinta. Ban kai ga tashi daga kujera ba layi ya fito a allo: DMAR, DMA Write, lambar na'urar farko, adireshin da ta nufa, da bayanin cewa gurbin ba shi da izinin rubutu. Ashe bayan an sake tayar da ita, firmwayarta tana ƙarasa rubutu ɗaya da ya rage daga tsohon jerin ayyukanta, zuwa adireshin da na riga na cire. A domen na tarayya, mai rabon adireshi ya riga ya ba na'ura ta biyu wannan lambar, don haka a wurin IOMMU rubutun halal ne. Kuskuren yana nan tun ranar farko. Haɗawar da na yi ce ta rufe bakin wanda zai faɗa mini.

Wannan ita ce hasara mafi girma, kuma ba ta bayyana a ma'aunin sauri. Jadawalin shafuka bai san wace na'ura ke tambaya ba. Izinin karatu da na rubutu a jikin gurbin shafin suke, ba a jikin na'ura ba. Ba za ka iya cewa kati na farko ya rubuta, na biyu ya karanta kawai ba, alhali ainihin abin da aikinka ke bukata ke nan: mai ɗaukar hoto ya rubuta, mai matsewa ya karanta. A domen ɗaya, duk abin da ɗaya ya samu ɗayan ma ya samu, har da jerin umarnin juna.

Sai batun gogewa, wanda shi ne ke cin lokaci. Cire shafi daga jadawali bai isa ba, dole a gaya wa IOMMU ya manta da abin da ya riƙe a IOTLB, a kuma jira ya ce ya manta, kafin a mayar da shafin ga wani. In na'urorin domen ɗin suna ƙarƙashin IOMMU daban-daban, kamar yadda yake a manyan sabobi masu soket biyu, ko a kwamfutocin Intel da sashen hoto na ciki ke da nasa, umarnin gogewa sai ya je wa kowannensu. In kuma wata na'ura tana da ATS, wato tana riƙe fassarori a cikin jikinta don kada ta riƙa tambaya, to sai saƙon gogewa ya bi waya ya same ta, ta amsa. Ƙa'idar PCIe ta ba na'ura har kimanin minti ɗaya kafin a ce ta makara da wannan amsa. A aikace ba a kai haka, amma ma'anar ita ce duk cirewar da katin farko ya yi, ko da bafar ba ta shafi na biyu ba, sai an jira na biyu. Mai saurin cikinsu ya koma tafiya da ƙafar mai nauyin.

Linux yana da hanyar sassauta wannan. A yanayin tsauri ana gogewa a kowace cirewa. A yanayin jinkiri ana tara su a layi, a goge gaba ɗaya in layin ya cika ko bayan milisakan 10, kuma ba a sake ba da adireshin aron ga kowa sai an goge. Amma shafin ainihin ya riga ya koma hannun kanel, don haka a ɗan wannan tsakanin na'ura na iya taɓa memorin da ba nata ba. Zaɓin iommu.strict ke juya wannan. Ga na'ura ɗaya da ka yarda da ita, mutane da yawa suna karɓar wannan kasada. A domen na tarayya kuwa, tagar a buɗe take ga duk wanda ke ciki. Binciken Thunderclap da aka gabatar a 2019 ya nuna yadda na'urar da aka soka ta Thunderbolt ke amfani da irin waɗannan giɓi, da kuma kasancewar kariya a matakin shafi take ba a matakin bayit ba, ta kai ga bayanan da ba nata ba duk da IOMMU yana kunne. Shi ya sa Linux ke tilasta tsauri ga na'urorin waje da bai amince da su ba, har ya riƙa kwafe bayanansu zuwa keɓantaccen shafi in bafar ba ta cika shafi ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke cizo. Domen ɗaya dole ya tsaya a iyakar mafi rauni cikin mahalartansa: faɗin adireshi, girman shafukan da ake iya amfani da su, da ko IOMMU ɗin na iya tilasta daidaito da ma'ajiyar CPU. In kati ɗaya bit 32 kaɗai yake iya furtawa, duk bafar da za su yi tarayya a kai sai ta zauna ƙasa da gigabayit 4 a fagen aro. Kowace na'ura kuma tana zuwa da wuraren da ba a taɓawa. A x86, yankin da ya fara daga 0xFEE00000 na saƙonnin katsewa ne. Firmwayar injin tana iya keɓe wasu yankunan ta jadawalin DMAR na ACPI, abin da ake kira RMRR, galibi don masu kula da USB da sashen hoto na ciki. Duk wanda ya shigo domen sai ya huda ramukansa a fagen kowa, in kuma an riga an shigar da wani abu a wurin, liƙawar ta ƙi.

To me za ka yi? Abin da kake so a zahiri ba adireshi ɗaya ba ne, so kake kada a kwafi hoton. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Shafin ainihi ɗaya na iya bayyana a jadawali biyu, da adireshin aro daban a kowanne, da izini daban. Don wannan aka yi dma-buf, yana cikin kanel tun siga ta 3.3 a 2012, kuma V4L2 da DRM, sassan kanel na bidiyo da na katin hoto, duk suna jin yarensa. Direban mai ɗaukar hoto ya fitar da bafar a matsayin lambar fayil, direban mai matsewa ya kira dma_buf_attach da na'urarsa, sannan dma_buf_map_attachment ya ba shi jerin adireshin da suka dace da shi, a nasa domen, da alkiblar da ya nema. Ko bayit ɗaya ba a kwafa ba. Kuma lambarka za ta yi aiki ko an haɗa rukunin, ko an raba, ko an kashe IOMMU ɗin gaba ɗaya.

Na san abin da za ka ce: shigarwa biyu ta fi ɗaya tsada. Gaskiya ne, in kana shigarwa da cirewa a kowane hoto. Kada ka yi haka. Bidiyo da 'yan bafofi ƙididdigaggu yake juyawa. Ka ware su tun farkon buɗe na'urar, ka shigar da kowacce a jadawalin kowane kati sau ɗaya, ka bar su a nan, su yi ta zagayawa har a rufe. Abin da ya rage a kowane hoto shi ne sanar da wanda ke biye cewa an gama, wannan kuma aikin dma-fence ne, ba ya taɓa jadawali. Da haka kuɗin gogewar da na bayyana a sama ya ɓace daga hanyar da ake bi kullum. In kuma za ka iya samo bafofin daga manyan shafuka, IOTLB zai huta: hoto mai megabayit 8 gurabu 2048 yake ci da ƙananan shafuka, 4 kacal da manya.

Wataƙila ka ji labarin SVA ka yi tunanin ko shi ne maganin. Shi wata tarayya ce ta daban: na'ura ce ke karanta jadawalin shafukan shirin da ke gudana a CPU, ta yadda manunin da shirin ke riƙe da shi zai yi aiki a wurin na'urar kai tsaye. Saƙon yana ɗauke da ƙarin lamba, PASID, mai bit 20, wadda ke zaɓar jadawali ɗaya cikin masu yawa a ƙarƙashin na'ura guda. Kati biyu da aka ɗaure wa shiri ɗaya za su ga adireshi iri ɗaya, wannan kuwa shi ne burinka na farko, ta hanyar da kanel ya amince da ita. Sai dai sharuɗɗansa masu nauyi ne. Shafin shiri na iya kasancewa ba ya cikin RAM a lokacin da aka neme shi, don haka dole na'urar ta iya tsayawa, ta roƙi shafin ta PRI, hanyar roƙon shafi ta PCIe, ta jira, ta sake gwadawa, kuma PRI ba ya tafiya sai da ATS. Mai matsewa zai iya jira. Mai ɗaukar bidiyo ba zai iya ce wa kyamara ta dakata ba, hoton yana kwararowa ko shafi na nan ko babu, kuma ƙaramar ma'ajiyar katin za ta cika kafin kanel ya gama kawo shafin. Ga irin katinka, bafar da aka kafe a RAM tun farko ita ce daidai. SVA ya fi dacewa da masu hanzarta aiki irin DSA na Intel da katunan lissafi, inda aikin ke jira a layi.

In kuma wata rana ka so hoton ya tafi daga kati zuwa kati ba tare da ya sauka a RAM ba, wannan shi ne P2PDMA, kuma a nan ACS ɗin da ke raba maka rukuni shi ne zai karkatar da saƙon zuwa sama ya tsawaita hanyar. Kanel yana da zaɓin pci=disable_acs_redir don kashe karkatarwar a zaɓaɓɓun tashoshi, kuma da ka yi haka yana haɗa na'urorin rukuni ɗaya, domin gaskiyar ke nan: sun daina keɓuwa. Wannan ciniki ne da aka yi ido buɗe. Kishiyarsa ita ce facin nan da ke yawo na pcie_acs_override, wanda ke sa kanel ya raba rukuni alhali wayoyin ba su canza ba. Ba a karɓe shi cikin kanel na asali ba, kuma ina ganin an yi daidai. Bai ƙara kariya ko kaɗan ba, ya dai sa kanel ya faɗi abin da ba haka yake ba, sannan VFIO ya yarda ya miƙa wa baƙo na'urar da ke iya rubutu a rijistocin maƙwabciyarta da ke hannun mai masauki. Kada ka gwada direbanka a kanel mai wannan faci, domin rukunan da zai nuna maka ba na injin ba ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka yi kafin ka ci gaba: ka mayar da aikin gwajinka kan injin da ya raba katunan, ka tabbatar IOMMU yana fassara ba wucewa kawai yake bari a yi ba. Ka karanta fayil ɗin type a cikin jakar kowane rukuni. In ka ga identity, to adireshin aro da na ainihi ɗaya ne, ba abin da ake tantancewa, kuma kowane kuskuren adireshi zai wuce ba a gani ba; ka cire iommu=pt daga layin tayar da kanel. So ake ka ga DMA, yanayin tsauri, ba DMA-FQ na jinkiri ba, don haka ka sa iommu.strict=1 muddin kana gwaji. Ka kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG, zai kama ka in ka cire bafa da na'urar da ba ita ta shigar ba, ko da girman da bai dace ba. Sannan ka sake tayar da katin ɗaukar hoton yana tsakiyar aiki, sau da yawa, kana kallon dmesg. A injin Intel layin zai fara da DMAR, a na AMD za ka ga IO_PAGE_FAULT, kowanne da lambar na'urar da adireshin da ta nufa. In wani ya fito, ka kwatanta adireshin da jerin bafofin da ka cire na ƙarshe, yawanci a nan za ka same shi.